Kun Tambaya, Mun Amsa: Aikin Manhaja, Kuɗin da ke Allon Waya da Kuɗin da ke Aljihu

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato aikin da ake samu ta manhajar waya, inda ake biyan mutum bisa kowace tafiya ko kowane saƙo ko kowace kwangila, babu albashin wata. Direbobi ne suka fi rubutowa, sai masu kai saƙo a babur, sai masu fassara da zane da rubutu ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba. Sana'ar ta bunƙasa da sauri: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce irin waɗannan manhajoji 142 ne a 2010, zuwa 2020 sun kai 777. Mun zaɓi wasiƙun da amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita su, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa motata a wata manhajar ɗaukar fasinja. Kullum idan na duba waya da dare sai in ga na yi ciniki mai kyau, amma wata na ƙarewa ba na ganin komai a hannu. Kwanan baya giyar motar ta lalace, sai da na ci bashi kafin na gyara. Ina kuɗin ke tafiya? — Wani direba

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin ba ɓacewa suke yi ba, tun farko ba naka ba ne duka. Abin da waya ke nuna maka ciniki ne, ba riba ba, kuma masu rabo a cikinsa huɗu ne: kamfani, gidan mai, motar kanta, sai kai a ƙarshe. Biyun farko nan take suke karɓar nasu. Mota ce mai haƙuri, takan yi shiru wata da watanni, amma ran da ta tashi karɓar nata sai ta haɗa maka duka a lokaci guda. Abin da giyar nan ta yi maka ke nan.

Nemi ƙaramin littafi, ka yi mako huɗu cur kana rubuta abu biyar kowace rana: lambar da mitar kilomita ke nunawa lokacin fita da lokacin dawowa, ƙarfe nawa ka kunna manhaja da ƙarfe nawa ka kashe, jimillar ciniki, man da ka sha, da duk wani ɗan kuɗin da ya fita saboda aikin, har wankin mota da kuɗin fakin da data. Mun ce mako huɗu ne domin mako ɗaya yana ruɗi, yana iya faɗowa lokacin da kasuwa ta buɗe ko lokacin da ta yi tsit.

Daga nan sai ka koma kan kayan da ba kullum ake saya ba. Ɗauki kuɗin taya huɗu ka raba da kilomitar da suke yi maka kafin su suɗe. In sukan yi 40,000, to kowace kilomita ta ci kashi ɗaya cikin 40,000 na kuɗinsu. Haka za ka yi wa juyen baƙin mai, wanda yawanci ake yi tsakanin kilomita 5,000 zuwa 10,000 bisa nau'in man da abin da littafin motar ya ce, haka takalmin birki da batir da fulogi. Inshora da sabunta takardu ka raba da mako 52. Saura wanda kusan kowa ke tsallakewa, faɗuwar darajar motar. Nawa za a saye ta yau, nawa za a saye ta bayan shekara 3 tana wannan zirga-zirga? Bambancin ka raba da mako 156. Ba ka ganin fitar wannan kuɗi daga aljihu, sai ran da motar ta gaji ka tashi sauya ta.

Bari mu buga misali da lambobin da muka ƙaga don sauƙin lissafi, da kowane irin kuɗi ne. A ce cinikin mako 1,000 ne. Kamfani ya cire kamasho kashi 25, saura 750. Mai ya ci 280, saura 470. Rabon taya da juye da birki 70, faɗuwar daraja 90, data da wanki da takardu da inshora 50. Abin da ya rage 260. Yanzu ga inda ruɗin yake. In awa 35 ka yi da fasinja a mota, kana raba 750 da 35, sai ka ga kamar kana samun fiye da 21 a kowace awa. Amma awa 60 ka yi a waje manhaja na kunne, kana jira, kana zuwa ɗauko fasinja, kana dawowa ba kowa. Raba 260 da 60, bai kai 4.5 ba. Wannan ita ce ladar awarka ta gaskiya, ita za ka gwada da abin da wani aikin zai ba ka.

Da ka san kuɗin da kowace kilomita ke ci, abu biyu za su canza. Za ka daina karɓar tafiyar da zuwa ɗaukar fasinjan ya fi tafiyar kanta nisa, domin kilomitar da ka yi ba kowa a mota tana cin mai da taya daidai da wadda aka biya ka. Sannan kowane dare, kafin ka taɓa ko sisi, ka cire rabon mota ka zuba a wani asusu dabam wanda katinsa ba ya yawo a aljihunka. Bakanike kaɗai ake buɗe wa wannan asusu.

Tambaya: Na wayi gari na ga an rufe min akawun a manhajar da nake kai saƙo. Saƙon da suka turo kawai ya ce na saɓa ƙa'ida, bai faɗi wacce ba. Na rubuta musu, amsa iri ɗaya ke dawowa. Akwai kuɗina da ban cire ba. Me zan yi? — Mai kai saƙo a babur

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Wannan shi ne babban haɗarin sana'ar: ma'aikacin albashi ana ba shi takardar gargaɗi, ana saurarensa, wani lokaci ana biyansa kuɗin sallama, kai kuwa kwamfuta na iya tsayar da abincinka cikin daƙiƙa ɗaya.

Fara da gano dalili, domin dalilan ba su da yawa. Na farko takardu: lasisi ko inshora ko rajistar abin hawa ta ƙare, tsarin ya kulle da kansa. Wannan shi ne mafi sauƙi, da an ɗora sabuwar takarda yawanci ana buɗewa. Na biyu tantance fuska. Manhaja takan nemi hoton fuskarka ta gwada da wanda ke fayil, kuma duhu, hular kwano, sabon gemu ko kyamarar da ta tsage duk suna sa ta kasa gane ka, sai ta ɗauka wani ka ba wa akawun. Na uku taswira: wayar da ke tsalle daga wuri zuwa wuri, ko wata manhajar da ke ɓoye inda kake, ko shiga akawun ɗaya daga waya biyu, duk kwamfuta tana karanta su a matsayin zamba. Sai ƙorafin kwastoma cewa kaya bai iso ba, da yawan soke aiki bayan an karɓa, da faɗuwar taurari, wato makin da kwastomomi ke ba ka, ƙasa da iyakar da kamfani ya gindaya. Zauna ka tuna kwana bakwai na ƙarshe, wanne daga cikin waɗannan ya faru?

Tun yau ka ɗauki hoton duk abin da kake iya gani a manhajar: saƙon rufewar da kwanan watansa, kuɗin da suka rage, taurarinka, jerin ayyukan da ka yi. Sai ka rubuta ƙorafi guda ɗaya, gajere, ba zagi ba magiya. Saka lambar akawun, ranar da aka rufe, sannan ka nemi abu uku a fili: ainihin ƙa'idar da aka ce ka saɓa da ranar da abin ya faru, mutum ya duba maganar ba kwamfuta ba, kuma a sakar maka kuɗin aikin da ka riga ka yi. Kada ka riƙa buɗe sabon ƙorafi kowace rana, domin kowane sabo layinsa daban, kuma yakan sa a rufe na baya. Ka bi lamba ɗaya har ƙarshe. In kamfanin na da ofishin da ake karɓar direbobi, je da takardunka na asali. In akwai ƙungiyar masu sana'arku, kai musu, domin ƙorafin mutum hamsin a takarda ɗaya ana duba shi da wuri fiye da na mutum ɗaya.

Abu ɗaya muke roƙonka kada ka yi: buɗe sabon akawun da sunan ɗan'uwa, ko hayar na wani. Kamfanoni suna gane waya da fuska da asusun banki. In aka kama, rufewar wucin gadi ta zama ta dindindin, mai akawun ɗin ma ya rasa nasa, kuma in haɗari ya faru kana kan akawun wani, babu inshorar da za ta san da kai.

Doka ta fara shiga wannan fili a wasu wurare. A Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Amstadam ta ba wasu direbobi gaskiya a kan kamfanonin manhajar ɗaukar fasinja Uber da Ola, bisa dokar kare bayanan mutane ta Turai, wadda ta taƙaita yanke wa mutum hukunci mai nauyi da kwamfuta kaɗai. Dokar aikin manhaja da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 ta ce dakatar da akawun ko rufe shi dole mutum ne zai yanke, kuma a ba ma'aikaci dalili a rubuce. Duba ko ƙasarka na da dokar kare bayanai. Da yawa daga cikin irin waɗannan dokoki suna ba mutum haƙƙin neman kwafin bayanan da kamfani ke riƙe da su a kansa, kuma a nan ne sau da yawa ake ganin dalilin da aka ƙi faɗa. Nan gaba kuwa, kada ka bar kuɗin fiye da mako guda su kwana a manhaja.

Tambaya: Kamfani na cewa ni abokin hulɗa ne, mai zaman kansa. Amma su ke sa farashi, su ke zaɓar min fasinja, in na ƙi karɓa sau da yawa su hukunta ni. To a shari'a ni ma'aikacinsu ne ko kuwa? — Direba mai neman sani

Amsa: Malam, tambayar da ka yi ita alƙalai a ƙasashe da dama suka shafe shekaru suna yi, kuma ba su ba da amsa ɗaya ba.

A Birtaniya, ranar 19 ga Fabrairun 2021, Kotun Ƙoli ta yanke cewa direbobin Uber da suka kai ƙara ba masu zaman kansu ba ne, suna cikin wani rukuni na tsakiya da dokar ƙasar ta tanada, wanda ke da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Hujjojin kotun kusan su ne ka lissafa: kamfani ke sa farashi, shi ke rubuta sharuɗɗa ba tare da ciniki ba, yana hukunta mai yawan ƙin aiki, yana sa ido ta hanyar taurari, yana kuma hana direba ƙulla hulɗa da fasinja. Kotun ta ce abin da ke faruwa a zahiri ake dubawa, ba sunan da aka rubuta a yarjejeniya ba. Wata guda bayan haka kamfanin ya sauya matsayin direbobi kimanin 70,000 a ƙasar. Amma kotun nan dai, a Nuwamban 2023, ta ce masu kai abinci na Deliveroo ba ma'aikata ba ne, babban dalili kuwa shi ne yarjejeniyarsu ta yarda mutum ya tura wani ya yi aikin a madadinsa. A Holan, a Maris na 2023, Kotun Ƙoli ta ce masu kai abincin wannan kamfani ma'aikata ne. Kamfani ɗaya, aiki ɗaya, hukunci biyu.

Sifaniya ta yi doka a 2021 da ta ɗauki masu kai abinci ta manhaja a matsayin ma'aikata. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 da muka ambata ta ɗora wa kamfani nauyin kawo hujja: in alamu sun nuna shi ke juya mutum, to ana ɗaukar mutumin ma'aikaci ne har sai kamfanin ya tabbatar da akasin haka, kuma an ba ƙasashen har Disambar 2026 su saka ta a dokokinsu. Kalifoniya ta Amurka ta bi wata hanyar. Majalisar jihar ta yi doka a 2019 da ke karkata ga ɗaukar su ma'aikata, sai kamfanonin suka kashe fiye da dala miliyan 200 wajen kamfe, a Nuwamban 2020 masu zaɓe suka amince direbobi su ci gaba da zama masu zaman kansu, amma da tabbacin kashi 120 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi. Ka lura da wannan: lokacin da ake ƙirgawa daga karɓar aiki ne zuwa sauke fasinja. Awannin jira ba sa ciki. Duk inda ka ji an yi alkawarin mafi ƙarancin biya, abin da za ka fara tambaya shi ne wace awa ake ƙirgawa.

Wasu ƙasashen sun bar gardamar suna, sun tafi kai tsaye ga kariya. Dokar Indiya ta 2020 kan walwalar ma'aikata ta tanadi kamfanonin manhaja su zuba kashi 1 zuwa 2 na cinikinsu na shekara a asusun walwala. A Singafo, daga Janairun 2025, masu aikin manhaja suna da diyyar rauni a bakin aiki da gudummawar kamfani a asusun tanadinsu. A ganinmu wannan hanya ta fi saurin kai wa mutum amfani, domin shari'ar matsayi tana cin shekaru.

Matsayinka kai yana ga dokar ƙwadagon ƙasar da kake aiki. Ajiye kwafin yarjejeniyar da ka amince da ita da kowane sauyin da aka yi mata, da duk saƙon gargaɗi ko hukunci, domin su ne hujjar wane ne ke ba da umarni. Ka kuma duba ko yarjejeniyar ta ce rikici sai a gaban mai sasantawa ba kotu ba, da ƙasar da dokarta ke aiki a kai. Kafin wata kotu ko majalisa ta ce wani abu, ka tsara rayuwarka a kan cewa hutu da jinya da fansho da haraji duk a wuyanka suke.

Tambaya: Ina yin fassara da gyaran rubutu ta intanet. Wani watan aiki ya yi min yawa, wani watan ko saƙo ɗaya babu. Kwanan nan wani ya ce mu bar manhajar mu yi ciniki kai tsaye don mu kauce wa kamasho, na gama aiki na tura, ya ɓace. Yaya zan kare kaina, kuma yaya ake tsara gida da irin wannan samu? — Wata 'yar'uwa

Amsa: Malama, kamashon da kika so kaucewa yana da ciwo, ba mu musa ba. Fiverr, ɗaya daga cikin manhajojin irin wannan aiki, kashi 20 yake cira daga mai aiki, kuma ga yawancin masu aiki kuɗin kan yi kwana 14 kafin a iya cire su. Amma abin da kike saya da kamashon shi ne riƙon amana: mai ba da aiki ya zuba kuɗi tukuna, manhaja ta riƙe, sannan ki fara. Da kin fita waje wannan kariyar ta tafi, kuma in manhajar ta gano, akawun ɗinki na iya tafiya da ita. Ko a cikin manhajar ma, kada ki fara sai kin ga alamar an zuba kuɗin wannan kashi na aikin. Alkawari a saƙo ba kuɗi ba ne.

Ga wanda kika samo da kanki a waje, ƙa'ida ita ce kafin alƙalami, daga kashi 30 zuwa 50, kafin ki rubuta layi ɗaya. Babban aiki ki yanka shi gida uku ko huɗu, kowane kashi da biyansa. Ki rubuta a saƙo guda abin da za ki yi, yawan kalmomi ko shafuka, ranar miƙawa, sau nawa za ki yi gyara kyauta, da farashin gyaran da ya wuce haka, ya amsa da cewa ya yarda. Gyara marar iyaka shi ne ramin da ke cinye ribar masu wannan aiki, sau biyu ya isa. Kashin ƙarshe kuwa ki nuna samfuri, cikakken fayil sai kuɗi sun shigo. Ki sani kuma shigar kuɗi ba ƙarshen magana ba ce: a PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, mai biya na iya buɗe ƙorafi har kwana 180 bayan biya, don haka ki adana saƙonni da shaidar miƙa aiki aƙalla wata shida. Duk wanda ya turo kuɗin da suka fi na ciniki ya ce ki mayar masa da rarar, ko ya ce ki biya wani abu kafin a ba ki aiki, ɗan damfara ne, ba sai an yi bincike ba.

Tsarin gida kuwa, ki mayar da kanki mai albashi. Duba samun wata 12 da suka wuce, ki ware wata uku mafi rauni, ki fitar da matsakaicinsu. Wannan shi ne albashinki. Duk kuɗin da suka shigo su faɗa asusun aiki, a farkon wata ki tura wa asusun gida wannan adadi kawai, ko watan ya yi albarka ko bai yi ba. Rarar watannin albarka ita ke biyan albashin watannin shiru. Kafin komai ki cire rabon haraji bisa ƙa'idar ƙasarki, domin babu mai cire miki shi daga tushe, sannan ko da kashi 5 zuwa 10 ne na tsufa. Ki ci gaba da tarawa har asusun aiki ya iya riƙe gida wata uku ba tare da sabon aiki ba, in ya kai shida ya fi. In albashin da lissafin ya bayar bai isa cefane da haya ba, to matsalar ba ta tsari ba ce, farashinki ne ya yi ƙasa ko masu ba ki aiki sun yi kaɗan. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi 40 na samunki. Kuma neman sabon aiki a lokacin da hannu ke cike ake yinsa, ko awa biyu ne a mako, domin daga tuntuɓa zuwa biya yakan ɗauki makonni.

Tambaya: An yi min tayin mota in riƙa biya duk mako har shekara uku ta zama tawa, in yi aikin manhaja da ita. In karɓa? — Matashi mai son farawa

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar ita ce balas ɗin ba ya canzawa, samun kuwa kullum canzawa yake. Mai tayin zai nuna maka lissafin mako mai kyau. Kai kuma nemi direbobi uku da suka shekara a aikin, ka tambaye su makonsu mafi muni, ka cire kamasho da mai da rabon gyara. In abin da ya rage ba zai biya balas ya ciyar da kai ba, ka haƙura.

Ninka balas ɗin sau 156 ka gwada da farashin motar a kasuwa, ka ga nawa bashin ya ɗora. Sannan ka sa a nuna maka a rubuce: mako nawa za ka makara kafin a ƙwace motar, in an ƙwace me ke faruwa da abin da ka riga ka biya, wa ke biya in mota na gareji ko kana kwance, an ɗaure ka da manhaja ɗaya ko kana da 'yancin sauyawa. Shekara uku tana da tsawo a wannan kasuwa. A tsakiyar 2020, lokacin korona, cinikin ɗaukar fasinja na Uber ya faɗi da fiye da kashi 70 idan aka gwada da shekarar da ta gabata. Kamfanoni ma sukan tattara su bar ƙasa: Uber ya sayar da harkarsa ta Sin a 2016 da ta kudu maso gabashin Asiya a 2018, Deliveroo ya fita daga Sifaniya a 2021 da Holan a 2022. Garaɓasar da ake jawo sababbin direbobi da ita kuwa takan ragu da zarar sun yi yawa. Shawararmu, yi hayar mota wata biyu ko uku tukuna, ka cika littafin lissafi irin wanda muka bayyana a amsa ta farko.

Tambaya: Na faɗi a babur ina kan hanyar komawa bayan na sauke saƙo, na karye a hannu. Kamfani ya ce inshorarsu ba ta shafe ni ba, kamfanin inshorata ma ya ƙi. Yaya haka? — Mai kai saƙo

Amsa: Sannu, Malam, Allah ya ba da lafiya. Ka faɗa ne a giɓin da ke tsakanin inshora biyu. Inshorar abin hawa ta gida yawanci ta cire aikin kuɗi, da sun ji kana kan sana'a sai su janye. Ta kamfanin manhaja kuwa, inda akwai ta, takan raba lokacinka kashi-kashi: manhaja na kunne kana jira, ka karɓi aiki kana kan hanya, kaya ko fasinja na tare da kai. Kariya mai ƙarfi tana kan biyun ƙarshe. Lokacin jira da komawa ko dai kariyar kaɗan ce ko babu.

Duk da haka kada ka karɓi ƙin da aka yi da baki. Nemi cikakkiyar takardar inshorar kamfanin ka karanta da kanka, domin wasu suna ƙara 'yan mintuna bayan sauke kaya. Fitar da tarihin aikinka na ranar, wanda ke nuna minti nawa ne tsakanin saukewa da faɗuwa. Haɗa da rahoton 'yan sanda, takardar asibiti, rasiɗai da hotuna, ka shigar a rubuce da wuri, domin irin waɗannan buƙatu suna da wa'adi. In wani abin hawa ne ya buge ka, inshorar mai shi ce ta farko da za a bi. Idan ka warke, sayi inshorar da ta ambaci aikin haya ko kai saƙo ƙarara, ka kuma tambayi wadda ke biyan kuɗin kwanakin jinya, domin karaya takan ɗauki mako shida zuwa takwas, kuma rashin samu a makonnin nan yakan fi kuɗin asibiti nauyi.

Tambaya: Garaɓasar da ake cewa in ka cika tafiya kaza a mako za a ƙara maka kaza, tana da amfani? Kuma laifi ne in kunna manhaja biyu? — Wani direba

Amsa: Malam, raba garaɓasar da yawan tafiye-tafiyen da za ka ƙara a kan abin da ka saba, ba da jimillarsu ba. In ka saba yin 60, aka ce 80, to kuɗin na tafiya 20 ne, kuma su ne mafi tsada, domin a gajiye za ka yi su, kana karɓar duk abin da ya zo don cika lamba. In ka tsaya a 78, ba ka da komai. Gajiya kuma ba abin wasa ba ce: bincike ya nuna mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa a kan sitiyari yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. In lambar na kusa da abin da ka saba, bi ta. In sai ka hana kanka barci, bar ta.

Manhaja biyu kuwa muna goyon baya, ita ce kariyarka ran da ɗaya ta rufe. Duba yarjejeniyarka ko ta hana, yawanci ba ta hanawa. Da ka karɓi aiki a ɗaya, kashe ɗayar nan take, domin karɓar biyu a lokaci guda shi ke jawo latti da sokewa da faɗuwar taurari. Ta biyun kuma ka riƙa yi mata ko tafiya uku zuwa biyar ne a mako, kana sabunta takardunta tare da na ta farko, domin wasu kamfanoni suna dakatar da akawun da ya daɗe ba ya motsi, kuma sake tantancewa na iya cin kwanaki.